Idan Naman Daji Ya Cinye Gona, Wa Zai Biya?

Idan akuyar maƙwabci ta tsinke igiya ta shiga gonar wake, kowa ya san abin da za a yi. Za a kama akuyar, a kira mai ita, dattawa ko mai unguwa su je su duba ɓarnar, a yanka abin da zai biya. Wani lokaci mai gona ya yafe, wani lokaci ya karɓa. Ko yaya dai aka ƙare, akwai wanda za a riƙe, domin akuya tana da ubangida.

To, biri fa? Gwaggon biri ya sauko daga dutse da sassafe ya karye rabin masara. Aladen daji ya tone gyaɗa ko rogo cikin dare. Dorina ta fito daga ruwa ta share shinkafar fadama. Babu igiyar da za a bi ta kai mutum ƙofar gidan wani. 'Yan'uwa da ke noma a gefen daji ko a bakin kogi sun san wannan asara sarai, kuma tambayarsu ɗaya ce: tun da hukuma ta ce kada a kashe wasu namun daji, me ya hana ta biyan abin da suka ci?

Akwai ƙasashen da ake biya. A wannan fitowa za mu duba ɗaya daga cikinsu, wato Faransa, domin tsarinta ya haura shekara 50 yana aiki, an ga amfaninsa, an kuma ga inda yake ɗingishi. Abin da zai ba mutane da yawa mamaki shi ne wanda ke zuba kuɗin. Maharba ne ke biyan manoma, daga kuɗin da suke bayarwa kowace shekara don a bar su su yi farauta.

Cinikin shekara ta 1968

A zamanin da sarakuna ke mulkin Faransa, farauta ta masu sarauta ce. Talaka yana kallo barewa ko zomo na cin alkamarsa, ba shi da ikon taɓawa, in ya taɓa a hukunta shi. A 1789, da aka ce jama'a su rubuto wa sarki koke-kokensu, ƙauyuka da yawa sun sa wannan cikin abubuwan da suka fi ci musu tuwo a ƙwarya. A watan Agusta na wannan shekara majalisar juyin juya hali ta soke wannan gata na masu sarauta, mai ƙasa ya sami ikon kashe naman da ya shigo masa.

Cikin abin da manoma suka riƙe daga baya akwai ikon dako. Manomi zai ɗauki bindigarsa ya laɓe a bakin gona, ko da dare ne, aladen daji ko barewar da ta shigo ya harbe ta, ba ruwansa da ko lokacin farauta ne ko ba lokacinta ba ne. Kariyar gonarsa tana hannunsa.

Bayan yaƙin duniya na biyu manyan namun daji sun yi ƙaranci a ƙasar. Maharba suna so su sake yawaita, gwamnati ma haka. A 1963 aka kawo dokar da ta fara ƙayyade yawan barewar da za a kashe a kowane yanki. Amma ƙayyadewa ba ta da amfani idan kowane manomi yana harbi a gonarsa yadda ya ga dama. Don haka a ranar 27 ga Disamba 1968 aka yi doka wadda a taƙaice ba ni gishiri in ba ka manda ce. Manomi ya ajiye ikon dako. A madadinsa aka buɗe asusu, wanda maharba za su riƙa zuba wa kuɗi, a riƙa biyan manomi idan aladen daji ko barewa sun yi masa ɓarna.

Hujjar a fili take. Wanda yake so nama ya yawaita don ya sami abin harbi, shi ya kamata ya ɗauki nauyin abin da naman ya ci. Muna ganin babu dattijon ƙauye da zai ƙi wannan hukunci.

Da farko wata hukumar farauta ta ƙasa ce ke riƙe da asusun. Dokar 26 ga Yuli 2000 ta mayar da aikin hannun ƙungiyoyin maharba na larduna. Faransa tana da larduna fiye da 90, kowanne da ƙungiyar maharbansa, kuma ba wanda zai sabunta lasisinsa sai ya zama ɗan ƙungiya. Saboda haka babu maharbi mai bin doka da zai zame wa biyan.

Inda kuɗin ke fitowa

A Faransa mutum ba ya ɗaukar bindiga ya shiga daji haka kawai. Sai ya ci jarrabawa, ta tambayoyi da ta riƙon bindiga, kafin a ba shi lasisi. Bayan haka kowace shekara sai ya biya kuɗin sabuntawa, ya kuma yi inshora saboda haɗari. Akwai sabuntawar lardi ɗaya, akwai ta ƙasa baki ɗaya. A 2019, a mulkin Shugaba Emmanuel Macron, aka rage ta ƙasa baki ɗaya daga wajen Yuro 400 zuwa wajen Yuro 200.

Kuɗin diyya kuwa yawancinsa daga wasu ƙarin biya yake fitowa, waɗanda masu harbin manyan namu ke yi. Babba a cikinsu shi ne kuɗin munduwa. Ga yadda yake: kowace shekara ana faɗa wa maharban kowane yanki barewa nawa za su iya kashewa. Kowace barewa ɗaya sai sun sayi munduwa ɗaya ta roba mai lamba. Da an harbe dabba, kafin a ɗaga ta daga inda ta faɗi, sai an ɗaura mata munduwar a ƙafa, kuma ba ta sake buɗuwa sai an yanke. Wanda aka kama da barewa ba munduwa, ɓarawon daji ne a idon doka. A larduna da yawa har aladen daji sai da munduwa. Ban da wannan, akwai lardunan da ke sayar da wani kan sarki na musamman ga mai son harbin manyan namu, akwai kuma kuɗin da ƙungiyoyin maharba na ƙauyuka ke biya gwargwadon faɗin dajin da suke farauta a ciki.

Wannan na ƙarshe yana da hikima. Ana iya ɗora wa yankin da ɓarna ta fi yawa kuɗi fiye da na sauran. Maharban ƙauyen da suka yi sake aladu suka cika musu daji, baɗi aljihunsu zai ji a jika. Kuma maharban da kansu ne ke yanke farashin a babban taronsu na shekara, domin dole abin da aka tara ya ishi abin da za a biya.

A wurare da yawa a nan gida maharbi yakan kai wa sarki ko mai ƙasa wani kaso na naman da ya kashe. Tunanin bai yi nisa da wannan ba: wanda ya ci daga daji akwai abin da ake binsa. Bambancin shi ne a Faransa kason yana komawa ga wanda naman ya ci wa gona.

Yadda manomi ke karɓar haƙƙinsa

A nan ya kamata mu natsu, domin a kowane tsarin diyya ƙa'idojin nema su ne ke raba wanda zai samu da wanda zai koma hannu rabbana.

Da manomi ya ga ɓarna, sai ya rubuta wa ƙungiyar maharban lardinsa ba tare da ɓata lokaci ba. Zai faɗi wace gona ce, me ya shuka, yaushe abin ya faru, wace dabba yake zato, da kimanin abin da ya yi asara. Ƙungiyar za ta aiko mai kimanta ɓarna. Idan lokacin girbi ne, kwana 8 na aiki aka ba shi ya iso. A cikin waɗannan kwanaki manomi ba zai girbe gonar ba, domin in ya girbe shaida ta tafi, maganar diyya ta mutu. In kuwa kwanakin suka cika mai kimantawa bai zo ba, abin da manomi ya rubuta shi za a ɗauka a matsayin gaskiya. Wannan ƙa'ida ta burge mu, domin ta hana ofis ya kashe ƙara ta hanyar jan ƙafa.

Mai kimantawa yakan zaga gonar tare da mai ita, ya auna faɗin inda aka ɓata, ya kimanta abin da gonar za ta bayar da ba a taɓa ta ba. Idan ɓarnar tun shuka tana ƙarama ce, sai ya rubuta ya tafi, ya dawo dab da girbi ya ga yadda gonar ta farfaɗo. Ba shi ne ke yanke farashin buhu ba. Akwai kwamiti a kowane lardi, rabi wakilan manoma rabi wakilan maharba, ƙarƙashin wakilin gwamnati, su ne ke sa farashin masara, alkama, ciyawar dabbobi da sauransu kowace shekara, cikin iyakar da kwamitin ƙasa ya gindaya. Manomin da bai gamsu ba zai iya kai kuka gaban wannan kwamiti, daga nan zuwa na ƙasa. Ƙofar kotu ma a buɗe take, amma cikin wata 6 kawai.

Ba a biyan asara duka. Ana cire kashi 2 cikin 100 daga kowace diyya. Ƙaramar ɓarna ma ba a kula ta: tun daga dokar ƙarshen 2023, sai asarar manomi a shekara ta kai Yuro 150 kafin a biya shi. Idan aka ga da sakacinsa a ciki, misali an ba shi shingen waya mai lantarki ya ƙi kafawa, ana iya rage masa har kashi 80 cikin 100. Idan kuma dabbar daga dajinsa na kansa ta fito, ba shi da komai, tun da shi ne ya kamata ya rage ta.

Akwai kuma maganin masu zuzuta asara. Wanda ya rubuta ɓarnar da ta ninka ta gaskiya fiye da sau 10, shi zai biya kuɗin zuwan mai kimantawa gaba ɗaya. Wanda ya ninka tsakanin sau 5 zuwa sau 10, ya biya rabi. Duk wanda ya taɓa zama a wurin sasanta ɓarnar gona ya san dalilin wannan ƙa'ida. Kunya uku aka ci, amma kafin a isa gaban mai unguwa ta zama rabin gona.

Sai abin da asusun ba ya taɓawa sam. Aladen daji da manyan namu irin su barewa kawai ya shafa. Zomo, hankaka, kurciya da sauran tsuntsaye ba sa ciki, ko da sun cinye gona ƙarƙaf. Mai ɗan lambu a bayan gida wanda ba noma ce sana'arsa ba, ba ya ciki. Mai gandun itatuwa da barewa ta cinye wa dashe, shi ma wannan asusu ba nasa ba ne. Da a ƙasarmu ne, ma'anarsa ita ce wanda jan baki ya sauka wa a gonar gero ko shinkafa ba zai ga ko sisi ba.

Da aladu suka fi maharba yawa

Shekaru da dama tsarin ya tafi lami lafiya, domin lokacin da aka kafa shi maharba suna da yawa, aladen daji kuwa kaɗan ne. A 1973 aladun dajin da aka harbe a duk faɗin Faransa ba su kai 40,000 ba, maharba kuwa a tsakiyar shekarun 1970 sun haura miliyan 2. A kakar farautar 2021 zuwa 2022 aladun da aka harbe sun haura 800,000, maharba kuma sun ragu zuwa wajen miliyan 1, yawancinsu dattawa. Masu ci sun ninka fiye da sau 20, masu biya sun ragu da rabi.

Masu kiwon alade a cikinmu ba za su yi mamaki ba. Aladen gida daga wannan aladen daji na Turai da Asiya ya samo asali, kuma haihuwarsu iri ɗaya ce: wata uku da sati uku da kwana uku, uwa ta zubo 'ya'ya biyar ko shida. Idan abinci ya wadata, 'yar da ba ta cika shekara ba ma tana iya ɗaukar ciki. Abinci kuwa ya wadata. Noman masara ya faɗaɗa ƙwarai a Faransa, kuma gonar masara ga alade abinci ce da mafaka a wuri ɗaya. Sanyin hunturu, wanda a da yake kashe 'ya'ya da yawa, ya yi sauƙi. Itatuwan daji suna zubar da 'ya'ya fiye da da. Mutane sun bar ƙauyuka, tsofaffin gonaki sun koma kurmi.

Su ma maharba da hannunsu a ciki, kuma wannan ne manoma ba sa mantawa. An yi shekaru ana sakin aladun da aka yi kiwonsu a cikin daji don a sami abin harbi. An yi shekaru ana zuba musu masara a daji. Maharba sun ce suna zubawa ne don aladu su tsaya a daji su bar gonaki, manoma suka ce kiwo ne kawai ake yi da wani suna. A wurare da yawa kuma al'adar maharba ita ce kada a harbi uwa, don baɗi a sami ƙari. Sai a 2019 doka ta hana ciyar da aladu da nufin tara su wuri ɗaya, ta bar watsa ɗan hatsi don janye su daga gona a lokacin da amfani ke cikin haɗari.

Ɓarnar alade ba ta yi kama da ta barewa ba. Yakan bi layin shuka da hanci ya tsince irin masara ɗaya bayan ɗaya a daren da aka shuka, manomi ya wayi gari sai ya sake shuka. Yakan dawo lokacin da masara ta yi ruwan nono ya kwantar da ita. Filin ciyawar shanu kuwa yakan tone shi yana neman tana, ya bar shi kamar an yi huɗa. Mafi yawan kuɗin da ake biya, fiye da kashi 80 cikin 100, saboda alade ne.

A 2019 abin da tsarin ya ci ya kai wajen Yuro miliyan 77. A ciki, wajen miliyan 46 ne suka shiga hannun manoma. Sauran sun tafi ga albashin masu kimantawa, aikin ofis, da sayen shinge. Mu lura da wannan lissafi da kyau. Ko a ƙasar da ke da hanyoyi da takardun gona da ma'aikata, kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin yana ƙarewa ne a wajen gano wa aka yi wa ɓarna da nawa ne.

Rigimar da ta kai kotu

Da nauyi ya yi yawa, maharba suka ce ba za su iya su kaɗai ba. Hujjarsu ita ce akwai ƙasa mai yawa da ba a barinsu su yi farauta a ciki: gefen birane, gefen manyan hanyoyi, filayen soja, gandayen da aka keɓe, da filayen mutanen da suka ƙi yarda a yi farauta a ƙasarsu, abin da doka ta ba su dama tun 2000. Alade yakan kwana a irin waɗannan wurare, ya fito da dare ya ci gona, sai a kawo wa maharba takardar biya. Suka ce alade ya zama matsalar ƙasa, kowa ya sa hannu.

Manoma suka ce alkawari kaya ne. Mun ajiye bindiga a 1968 bisa sharaɗin za ku biya, ku kuka yawaita dabbar, ku biya. Suka ƙara da cewa abin da ake ba su ma bai kai asararsu ba, domin ba a lissafa kwanakin da suka ɓata wajen gyaran shinge da rashin barci.

Ƙungiyar maharba ta ƙasa ta kai maganar har kotun tsarin mulki. A ranar 20 ga Janairu 2022 kotun ta yanke cewa ɗora wa maharba biyan bai saɓa wa tsarin mulki ba. Amma a wannan shekarar yaƙin Yukiren ya sa farashin hatsi ya tashi, kuma tun da diyya tana bin farashin buhu, kuɗin da ake bin maharba ya ƙaru nan take. Gwamnati ta kawo ɗauki. A watan Maris 2023 aka sa hannu kan yarjejeniya tsakanin gwamnati, maharba da ƙungiyoyin manoma: gwamnati ta yi alkawarin Yuro miliyan 60 cikin shekara uku, maharba kuma suka ɗauki alkawarin rage faɗin gonakin da ake ɓatawa da kashi 20 zuwa 30 cikin 100. Aka kuma sassauta wasu dokokin harbin alade. Tsarin da aka kafa don maharba su biya su kaɗai, sai ga shi ya jingina da baitulmali.

A ganinmu kuskuren yana cikin ginin tun farko. An ba mutum ɗaya aiki biyu masu karo da juna. Maharbi yana so nama ya yi yawa, domin shi ne jin daɗinsa, kuma yawan naman ne ke jawo masu sayen munduwa. Shi ne kuma aka ce ya rage naman. Muddin diyya ba ta yi masa tsada ba, gara masa ya biya ya ci gaba da tara aladu. Sai da ta yi tsada ya fara neman ragewa, a lokacin kuwa aladu sun riga sun fi ƙarfin bindigogin da suka rage.

Inda babu maharban da za su biya

Wani zai ce, to gwamnati ta biya mana kai tsaye. Ƙasar Kenya ta bi wannan hanya. Ta hana farautar namun daji tun 1977, saboda haka babu kuɗin lasisin da za a tara. Dokarta ta namun daji ta 2013 ta ce gwamnati za ta biya Shilin miliyan 5 idan naman daji ya kashe mutum, miliyan 3 idan ya naƙasa shi, amfanin gona da dabbobi kuma bisa farashin kasuwa, muddin mai su ya yi iya ƙoƙarinsa wajen karewa. A takarda doka ce mai kyau. A aikace, buƙatun da aka amince da su suka taru har bashin ya kai biliyoyin Shilin, iyalai suka yi shekaru suna jira. A Faransa aƙalla an san aljihun da kuɗin zai fito kowace shekara. A Kenya sai abin da kasafin kuɗi ya rage.

Mu fa a nan gida?

Tun 1963 akwai dokar namun daji ta Jihar Arewa, wadda ta tanadi lasisin farauta, kuma jihohi sun gaje ta. Amma ba mu da asusu irin na Faransa da ke ɗaukar kuɗin lasisi ya kai wa manomi. Ko da an ce a kafa shi gobe, sai mu tambayi kanmu maharba nawa ne a ƙauyenmu ke da lasisi, kuma nawa za su iya biya. Maharbin Faransa yawanci mai albashi ne ko mai fansho da ke farauta don nishaɗi. Namu manomi ne kamar kowa, yana neman abin miya. Kuma namun da suka fi yi mana babbar ɓarna ba waɗanda za a sayar da izinin harbinsu ba ne.

Dubi Yankari a Jihar Bauchi. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga baƙi a 1962, ya zama gandun ƙasa a 1991, ya dawo hannun jihar a 2006. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200, kuma yana ɗauke da ɗaya daga cikin garkunan giwa na ƙarshe da suka rage a Nijeriya, waɗanda aka ƙiyasta tsakanin 100 zuwa 150. Farauta a cikinsa haramun ce. Idan amfani ya nuna, giwaye sukan ƙetare iyaka su shiga gonakin ƙauyukan da ke kewaye, kuma garke ɗaya yana iya gama da abincin shekara na gida guda kafin asuba. Babu munduwar giwa da za a sayar a biya wannan manomi. In za a biya shi, sai dai daga kuɗin shiga da baƙi ke bayarwa ko daga kasafin jiha, kuma mun ga abin da ya faru da Kenya.

Abin da aka fi sa ƙarfi a kai a Yankari shi ne tarewa kafin ɓarna. Ƙungiyar WCS mai kare namun daji, wadda ta ƙulla yarjejeniya da gwamnatin jihar a 2014, ta sa wa wasu giwaye na'ura a wuya mai nuna inda suke ta tauraron ɗan Adam, don ma'aikata su san lokacin da garke ya doshi iyaka. An kuma ɗauki mutane a ƙauyuka masu sa ido, su kira ma'aikata da zarar sun ga giwa, su taya korarta. Ko a Faransa, kowace shekara ƙungiyoyin maharba suna kashe miliyoyin Yuro wajen ba manoma shingen lantarki, domin sun gane tarewa ta fi biya araha.

Abin da za mu iya ɗauka daga Faransa tun yanzu, ba tare da jiran doka ba, shi ne yadda suke riƙe shaida. Idan giwa, dorina ko wani naman da doka ta kare ya shiga gona, kada a yi gaggawar sake shuka ko kwashe abin da ya rage. A kira mai unguwa ko dagaci da dattawa biyu su gani da idonsu a ranar. A auna wurin da taku ko da igiya, a ɗauki hoton sawun da na ɓarnar da waya, a rubuta ranar da abin da aka shuka da buhu nawa gonar ta saba bayarwa. A kai wa ma'aikatan gandun daji da sashen gona na ƙaramar hukuma, a riƙe kwafi. Kuma a faɗi gaskiyar abin da aka ci, domin mutum ɗaya da ya ninka tasa asarar ya isa ya sa a daina yarda da na ƙauyen duka.

Ƙungiyar manoma, ko zumuntar mata, ko kwamitin raya ƙauye, za su iya ware littafi ɗaya don wannan, a ba mutum ɗaya mai rubutu ya riƙe. Bayan damina biyu ko uku littafin zai nuna watan da namun suka fi fitowa, hanyar da suke bi, da gonakin da suka fi shan wahala, sai a san inda za a kafa rumfar gadi da waɗanda za a fara taimaka wa da iri. Shi ne kuma za a ajiye a gaban kansila ko ɗan majalisar jiha ranar da aka je neman a ware wani kaso na kuɗin gandun daji don ƙauyukan da ke bakin iyaka.